Muhammadu Rumfa, Sarkin Kano, da Gine-ginen da ya Bari

Cikin sarakunan Haɓe da suka ci sarautar Kano, tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Alwali wanda jihadi ya fitar, babu wanda sunansa ya zauna a bakin mutane kamar Muhammadu Rumfa. Ko yaron da bai taɓa buɗe littafin tarihi ba, in dai a birni ya tashi, ya san sunan nan, gama ya ji ana kiran gidan Sarki Gidan Rumfa. Waɗansu sarakuna sun fi shi cin yaƙi, waɗansu kuma sun fi shi daɗewa bisa gadon sarauta, amma duk an manta da su, sai fa malamai masu bincike. Abin da ya tsirar da sunansa shi ne gini. Ya yi gida, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa kasuwa, ya gina masallacin Jumma'a. Ga shi yanzu shekara 500 da ɗoriya bayan rasuwarsa, birnin ya cika ya batse, ya tsallake ganuwa ta kowace fuska, har ya soma cinye abin da ya gada. Saboda haka ya kamata mu da za mu fita mu koya wa yara labarin ƙasarsu, mu san ko wane ne mutumin nan, mu kuma san darajar abin da ya bari.

Muhammadu Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, jikan Sarki Abdullahi Burja. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya ambaci uwarsa da suna Fasima Barana, ya kuma lissafa shi na 20 cikin jerin sarakuna. Kafin a haife shi Musulunci ya riga ya shigo Kano tun zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, sa'ad da Wangarawa suka zo daga Malle. Amma addinin bai kafu sosai ba, sarki ya kan yi salla, ya kan kuma waiwayi masu tsafi in abu ya ƙi ci. A zamanin kakansa Burja aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja, shi ne kuma aka ce ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa. Ubansa Yakubu kuwa mutum ne mai son zaman lafiya. Cikin kwanakinsa malaman Filani suka zo daga Malle da littattafan tauhidi da na lugga, Asbinawa suka kawo gishiri har ya wadata, fatake na Barno da Larabawa suka yi ta shigowa suna zama.

To, cikin irin wannan gari Rumfa ya girma, gari mai cika da baƙi, kowa da harshensa, kowa da hajarsa. Mutanen Kano suna riƙe da labari cewa tun yana ɗan sarki ya riƙe sarautar Makama, gidan da ya zauna kuwa shi ne wanda a ke kira Gidan Makama har wa yau. Da ubansa ya rasu cikin 1463 aka naɗa shi, ya yi sarauta har 1499. Littafin tarihi ya ba shi shekara 37, mai lissafi kuwa in ya ɗebe 1463 daga 1499 sai ya sami 36. Ba saɓani a nan, gama shekarar Hijira ta kasa ta Turawa da wajen kwana 11, marubucin kuwa da wata ya ke ƙirga.

Zamaninsa zamani ne na manyan sarakuna a ƙasashen Sudan. A yamma Sonni Ali yana riƙe da Sanwai daga 1464 zuwa 1492, bayansa Askiya Muhammadu ya hau cikin 1493. A gabas Mai Ali Gaji ya tara Barno wuri guda, ya gina mata sabon birni, watau Gazargamu. Kusa da gida kuma ga Katsina tana tasowa, tana neman ta janye ayarin Arewa zuwa ƙofofinta. Sarkin da ya ke tsakanin waɗannan, in yana so ƙasarsa ta tsaya da ƙafarta, lalle ne ya sami gari mai tsaro, da kasuwa mai jan baƙi, da fada mai kwarjini. Abubuwan nan uku su ne Rumfa ya sa gaba.

Ya fara da gida. Sarakunan da suka gabace shi suna zaune can kusa da dutsen Dala, tsakiyar tsofaffin unguwanni, inda manyan gidajen gargajiya da masu tsafi su ke da ƙarfi. Rumfa ya bar wurin nan, ya fita kudu maso gabas, ya zaɓi fili bayan tsohuwar ganuwa, ya shata gida mai faɗin eka 33 ko kusa da haka. Mai hankali ya san ba don ƙuncin ɗaki kaɗai sarki ke yin irin wannan ƙaura ba. Wanda ya ke so ya sake tsarin mulki, sai ya nisanci waɗanda suka saba riƙe masa linzami. A sabon wuri shi ke cewa ga inda kowa zai zauna, ga ƙofar da kowa zai shigo, ga wanda zai tsaya a waje.

Da shekara ta kewayo sai ya juya kan ganuwa. Ba shi ya fara ta ba. Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya sa harsashinta, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Rumfa ya ja ta daga Ƙofar Dagaci zuwa Ƙofar Mata, ya bi da ita ta Ƙofar Gyartawasa da Ƙofar Kawaye, ya kuma yi aiki daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Kansakali. Sai a shekara ta uku, bayan ganuwa ta rungume sabon gidan, sa'an nan ya tare a ciki. Ganuwar nan kuwa ba gidaje kaɗai ta kewaye ba, har da gonaki da fadamu da kududdufai, don in abokan gaba sun kewaye gari, mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu, a sami abin ci da abin sha har a ga bayan yaƙi. Daga baya, cikin ƙarni na 17, Sarki Muhammadu Nazaki ya sake ƙara mata faɗi.

Sa'an nan ya kafa Kasuwar Kurmi a bakin Jakara, tsakiyar gari. A nan gishirin Asbin ya sadu da goron Gwanja, kanwa da dawakin Barno suka sadu da fatu da tufafin Kano. Marina na Ƙofar Mata suna ƙirga farkon karofinsu daga 1498, watau shekara guda kafin rasuwarsa. Irin da ya shuka ya yi yabanya ƙwarai, gama da Barth, Bajamushen nan mai yawon ƙasashe, ya zo Kano cikin 1851, ya tarar ana kai saƙar Kano da rininta har Tambutu da Tarabulus.

Babban al'amarin da ya auku cikin zamaninsa shi ne zuwan Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimi Almagili, mutumin Tilimsana, wanda ya taso daga Tuwat ya iso Kano wajen 1492 da littattafai masu yawa. Shi ne ya umurci Sarki ya gina masallacin Jumma'a, ya kuma sare wata itaciya da a ke yi wa tsafi, ya gina hasumiya a gurbinta. Sarki ya yi. A zamanin Rumfa kuma aka fara sallar idi a Kano, a wani wuri da a ke kira Shadakoko. Da Shehun zai tashi ya bar Sidi Fari a madadinsa, zuriyarsa su ne Sharifan Kano, unguwarsu tana nan da sunansu. Shi kuwa ya wuce Gawo wurin Askiya, ya koma Tuwat, can ya rasu wajen 1504.

Almagili ya rubuta wa Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba bisa sarakuna, mai babi 8. Ya yi magana a kan kyautata niyya, da kamun kai, da tsara ma'aikata, da tsantseni a gida da wurin tafiya, da binciken al'amura, da adalci cikin hukunci, da tara dukiya ta hanyar halal, da kashe ta inda ya dace. Gargaɗin da ya fi nanatawa shi ne kada sarki ya ɓuya daga talakawansa, gama daga nan kowace masifa ke tasowa. Ku dubi wanda aka yi wa wannan gargaɗi, mutumin da ya gama kewaye kansa da katanga mai girma. Malamin ya ga gidan, ya kuwa san haɗarin da ke cikin irinsa. Bayan shekara 300 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi suka ɗauko hujjoji daga rubuce-rubucen Almagili, suka kafa su a kan sarakunan zamaninsu.

Littafin tarihi ya lissafa abu 12 da Rumfa ya fara a Kano. Banda gine-gine, shi ya kafa Tara ta Kano, watau majalisar manya 9 masu ba sarki shawara. Shi ya fara kakaki, da figini, da takalman gashin jimina, da dawakin zage. Shi ya fara ba babanni sarauta, har da ta Ma'aji, don su ba su da 'ya'yan da za su yi wa tanadi, ba su kuma da dangin da za su jingina da su sai sarki. Makaɗansa sun kamanta shi da Larabawa saboda irin tsarin da ya kawo.

Amma labarin mutum ba ya cika sai an faɗi ɗacinsa tare da zaƙinsa. Rumfa ne ya fara kame, ya sa a riƙa ɗauko masa 'yan mata daga gidajen bayinsa, har aka ce matan da ke gidansa sun kai 1,000. Shi ya fara kulle. Ganuwa da gida kuwa ba da hannunsa ya gina su ba. Talakawa da bayi ne suka haƙa ƙasa, suka kwaɓa, suka ɗauka a ka, waɗanda ba wanda ya rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu. A zamaninsa kuma aka fara yaƙi tsakanin Kano da Katsina, aka shekara 11 ana gwabzawa ba wanda ya rinjayi wani, gabar kuwa ta daɗe bayansa tana cin mutane. Da ya rasu cikin 1499 ɗansa Abdullahi ya gaje shi, sa'an nan jikansa Muhammadu Kisoki, wanda ya yi sarauta daga 1509 zuwa 1565. Matarsa Auwa, uwar Abdullahi, ta rayu bayansa, ta zama mai faɗa a ji cikin sha'anin mulki zamanin ɗanta da na jikanta.

Darajar gini ba ta bayyana sosai sai bayan mai shi ya kau. Sa'ad da mutanen Shehu suka ci Kano, aka naɗa Malam Sulaimanu sarki wajen 1807, manyan jama'a suka hana shi shiga Gidan Rumfa. Hujjarsu ita ce in suka zauna a gidajen Haɓe suka haihu a ciki, 'ya'yansu za su tashi da halin Haɓe. Sai wani daga cikin Kanawa ya nuna masa cewa muddin bai shiga gidan nan ba, birni da ƙauye ba za su ɗauke shi sarki ba. Sulaimanu ya kai maganar gaban Shehu Usmanu, Shehu ya yi masa izini, sa'an nan ya shiga. Ɓangarorin nan biyu kowa da gaskiyarsa, gama dukansu sun yarda da abu guda, cewa gida yana da iko bisa wanda ke cikinsa da wanda ke kallonsa daga waje. Ibrahim Dabo, wanda ya hau cikin 1819, a nan ya zauna, zuriyarsa kuma a nan su ke sarauta. Kowane sarki ya ƙara nasa. Abdullahi Maje Karofi ya gina Ƙofar Kudu, Abdullahi Bayero ya yi Soron Ingila.

Ganuwa ma ta yi aikinta shekara da shekaru, har ran 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da sojan Ingila suka zo da igwa. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Suka fasa ta wajen Ƙofar Kabuga suka shiga, Sarkin Shanu ya tsaya a gidan Sarki da 'yan mutanensa har aka kashe shi. Gwamna Lugga da ya ga ganuwar ya yi mamaki, ya shaida bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Aka rubuta tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi wajen ƙafa 40, ga gwalalo a bayanta, kewayenta kuwa ya fi mil 10. Duk da haka Turawa ba su ta da fada daga inda Rumfa ya ajiye ta ba. Da suka naɗa Muhammadu Abbas, cikin gidan nan ya shiga, su kuwa suka yi mazauninsu a bayan gari. Su ma sun gane abin da aka nuna wa Sulaimanu.

A nan akwai abin lura game da ginin ƙasa, wanda duk ɗan da ya tashi a gidan soro ya sani. Magini ya kan jera tubali, ya ɗaure rufi da azara ta giginya wadda gara ba ta ci, ya shafe bango da makuba, ya dalaye soro da laso wanda a ke yi da katsin marina, ya sa indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Amma kome gwanintarsa, damina tana cin rabonta kowace shekara. In kaka ta yi aka kau da amfanin gona, sai a yi yaɓe. Haka a ke yi wa ganuwa a da, a raba ta wa hakimai da unguwanni, kowa ya fito da mutanensa ya gyara nasa yanki. Ashe ƙasar da ke jikin Gidan Rumfa yau, mafi yawanta ba wadda aka kwaɓa a zamaninsa ba ce. Abin da ya bari shi ne wurin, da shatar, da nauyin gyara wanda kowane zamani ke miƙa wa na bayansa. Gidan ya rayu don ba a daina zama cikinsa ba. Gazargamu, tsarar Gidan Rumfa, da tubali ƙonanne aka yi fadarta, amma tun da aka ci ta cikin 1808 mutane suka watse, ta zama kufai.

Ganuwa kuwa, daga ranar da igwa ta nuna ba ta iya tsare gari, sai gayyar yaɓe ta mutu. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, ciniki ya karkata wajen tasha, aka kafa Sabon Gari, unguwanni suka yi ta tsira a waje har suka ninka na ciki. Masu gini suka riƙa ɗibar ƙasar ganuwa suna yin tubali, waɗansu suka kafa gidaje da kantuna a kanta, gwalalo ya zama juji. Da motoci suka yi yawa ƙofofi suka yi kaɗan, gama don raƙumi da jaki da mahayi aka auna su. Cikin 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa hanya, aka gina wata a gurbinta. Ƙofofi da dama yanzu na sumunti ne, suna ɗauke da tsohon suna, amma ba ganuwa dama ko hagu. Masallacin Jumma'a, wanda aka sake wa wuri da gini fiye da sau ɗaya tun bayan Rumfa, an rushe na ƙasa an yi na zamani a farkon shekarun 1950. Kasuwar Kurmi tana ci har yanzu, amma manyan attajirai sun koma Kantin Kwari da Sabon Gari da Dawanau. Gidan Makama ya zama gidan adana kayan tarihi. Cikin 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta lissafa su gadon duniya, amma takarda ba ta hana bango zubewa.

Kada mu gaggauta zargin kowa. Mai iyali da ba shi da wurin kwana, in ya ga tudun ƙasa ba mai shi, ba abin mamaki ba ne ya gina ɗaki. Mara lafiya da a ke gaggawar kai shi asibiti yana bukatar hanya mai faɗi. Rumfa kansa bai bar birni yadda ya same shi ba, ya ta da fada, ya huda tsohuwar ganuwa, ya sare itaciyar da kakanni ke girmamawa. Gari mai rai dole ya sake. Sai dai shi da ya sake, ya bar abin da ya fi wanda ya tarar, ya kuma haɗa sabo da tsoho cikin ganuwa guda. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna duk mai son rushe wani abu a birni. A tambaye shi me zai sa a gurbinsa, a kuma tambaye shi ko babu wata hanya. Sau da yawa akwai, gama ana iya fasa wa mota hanya a gefe a bar tsohuwar ƙofa tsaye, ana kuma iya keɓe abin da ya rage na ganuwa a riƙa yaɓe shi kowace kaka, magina su sami aiki, sana'arsu kuma kada ta mutu da tsofaffinta.

Amfanin haka a fili ya ke, musamman gare mu malaman makaranta. Yaro ya kan haddace 1463 da 1499 don jarrabawa, ya manta bayan mako guda. Amma in aka kai shi gindin ganuwa ya ɗaga kai, ya taɓa tubali da hannunsa, aka ce masa kakanninsa ne suka yi wannan ba da inji ba, ya sami abin da ba ya mantuwa, ba kuwa mai iya ce masa mutanensa ba su taɓa yin kome ba. Mutanen birni kuma, da ɗan asali da baƙo, suna bukatar abin da za su nuna su ce wannan namu ne gaba ɗaya. Dalar gyaɗa da aka san Kano da ita ta zo ta wuce cikin rayuwar mutum guda. Gidan Rumfa da Kurmi da ƙofofi su ne suka ga Haɓe, suka ga Filani, suka ga Turawa, suka ga mulkin kai.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa, duk garin da aka tura ɗayanmu, ya nemi abin da magabata suka gina a wurin, ko ganuwa ce, ko masallaci, ko tsohuwar rijiya. Katsina tana da Gobarau, Zariya tana da masallacin da Babban Gwani ya gina, ƙananan garuruwa ma ba su rasa nasu. Ya tambayi tsofaffi labarinsa tun suna da rai, ya rubuta, ya kai yaransa su gani, su auna, su zana. Yaran nan su ne gobe za su zama hakimai da alƙalai da masu shata hanyoyi, a hannunsu hukuncin gine-ginen nan zai kasance, abin da aka nuna musu suna ƙanana kuwa shi za su tuna ran da aka kawo musu takardar rushewa.

Allah ya jiƙan Muhammadu Rumfa, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan talakawan da suka ɗauki ƙasa a ka suka gina masa. Mu kuma Allah ya ba mu ikon riƙon amanar da aka bar mana, amin.